Idan Kotu Ta Yi Watsi da Ƙararka Saboda Sakacin Lauya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Shari'a a Abuja

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka shigar da ƙara a kan bashi, fili, kwangila ko haya, suka damƙa ta a hannun lauya, sannan wata rana suka ji cewa shari'ar ta fita daga kotu ba tare da an saurari ko shaida ɗaya ba. Bayanin ya fi shafar Babbar Kotun Birnin Tarayya, wadda hedikwatarta ke Maitama, take kuma zama a wurare irin su Apo, Jabi, Kubwa da Gwagwalada.

1. An ce mini kotu ta yi watsi da ƙarata. Shi ke nan ta mutu?

Ya danganta da irin odar da alƙali ya bayar, domin abubuwa biyu ne mabambanta waɗanda a Hausa muke haɗa su a kalma ɗaya. A rediyo za ka ji an ce an kori ƙara, an yi watsi da ita, an yi fatali da ita, kuma duk ana nufin abu guda, alhali a wurin kotu tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A nan za mu kira na farko sokewa, na biyu kuma kora.

Sokewa ita ce alƙali ya cire ƙarar daga jerin shari'o'in da ke gabansa ba tare da ya duba wanda ke da gaskiya ba. Ƙarar da aka soke tana da sauran numfashi: ana iya roƙon a dawo da ita, ana kuma iya shigar da ita sabuwa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Panalpina da Olandeen a 2010. Kora kuwa, idan ta zo bayan an saurari hujjojin ɓangarori, hukunci ne na ƙarshe, alƙalin da ya yanke shi ya gama aikinsa, kuma ba a sake kawo maganar tsakanin mutanen nan biyu sai ta hanyar ɗaukaka ƙara, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 11.

Akwai hali na uku da ke tsakiya, shi ne inda alƙali ya rubuta kalmar kora amma bai taɓa gundarin shari'ar ba, sai don mai ƙara bai halarta ba. Kotunan sama sun sha ɗaukar irin wannan a matsayin sokewa, sai dai idan ƙa'idar da aka yi amfani da ita ta faɗa a fili cewa korar ta ƙarshe ce.

2. Ta yaya zan san wanne ne ya faru da tawa?

Ka je ofishin rajistar kotun da kanka da lambar shari'arka, ka rubuta wa magatakarda takardar neman kwafin odar da na abin da aka rubuta a zaman ranar, waɗanda aka tabbatar da hatimin kotu, ka biya kuɗin, ka karɓi rasit. Mai shari'a yana da haƙƙin samun waɗannan takardu ko lauyansa ba ya nan. A cikinsu za ka ga ranar da aka ba da odar, waɗanda suka halarta, dalilin da alƙali ya bayar, da ƙa'idar da ya dogara da ita. Kada ka tsaya a kan abin da tsohon lauyanka ya faɗa maka da baki, domin wanda ya yi sakaci ba kasafai yake ba da labarin yadda ya faru ba, kuma ranar da ke jikin odar ita ce ake fara ƙidayar wa'adi da ita.

3. Wane irin sakaci ne ya fi jawo haka?

Mafi yawa shi ne rashin halarta: a kira shari'a sau biyu ko uku, ba mai ƙara, ba lauyansa, ba kuma wasiƙar uzuri, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya roƙi a soke ta. Bayansa akwai rashin shigar da takardu a kan lokaci, da barin sammaci ya lalace ba a isar da shi ga wanda ake ƙara ba, da shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi, misali a kai rikicin aiki Babbar Kotu alhali na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne.

Wani abin da mutane ba su lura da shi shi ne sauyin alƙali. Idan aka ɗaga alƙali zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko ya yi ritaya, ko aka sauya masa wurin aiki, fayil yakan koma wata kotu, wani lokaci daga Maitama zuwa Gwagwalada, kuma lauyan da bai bi sawu ba sai ya ci gaba da ce wa mai shari'a ana jiran rana, alhali ana ta kiran shari'ar a wani ɗaki.

4. Laifin lauya ne. Me zai sa ni in ɗauki nauyinsa?

Tsohuwar ƙa'ida ce a kotunan Najeriya cewa ba a ɗora wa mai shari'a zunubin lauyansa. Kotun Ƙoli ta bi ta a shari'ar Doherty da Doherty a 1964, ta maimaita a shari'ar Bowaje da Adediwura a 1976, kuma tana tafiya da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci. Dalilinta a bayyane yake: ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gini a Dei-Dei bai san kwanakin shigar da takardu ba, shi ya sa ya ɗauki lauya, kuma zalunci ne a raba shi da haƙƙinsa saboda wanda ya biya ya manta da ranar zama.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Tana rufe kuskure da mantuwar lauya a kan hanyoyin gudanar da shari'a. Ba ta rufe mai ƙarar da shi ma ya yi wa shari'arsa riƙon sakainar kashi, wanda ya shekara biyu bai leƙa kotu ba, bai kira lauya ba, bai tambayi inda aka kwana ba. Alƙalai suna faɗa a hukunce-hukuncensu cewa ɗaukar lauya ba ya sauke wa mutum nauyin bibiyar shari'arsa. Haka nan ba ta rufe dabarar da lauya ya zaɓa da gangan ta ƙi ci, kamar ya ƙi kiran wani shaida, kuma ba ta ba kotu hurumin da doka ba ta ba ta ba.

A ganina wannan iyaka daidai ce ko da tana da ɗaci, domin wanda ake ƙara shi ma mutum ne, kuma ba adalci ba ne a rataye shi shekaru a kan shari'ar da mai ita ya yi barci a kanta.

5. Ta yaya ake neman a dawo da ƙarar da aka soke?

Ana komawa kotun da ta soke ta ne, da lambar shari'ar ta asali. Lauya zai shigar da takardar roƙo, wadda masu zirga-zirgar kotu ke kira moshan, yana neman a jingine odar sokewar a kuma mayar da ƙarar cikin jeri. Ana haɗa ta da takardar rantsuwa mai ɗauke da abin da ya faru, da kwafin odar da aka ambata a amsa ta 2, da rubutaccen jawabin lauya mai kawo hujjojin doka. Dole a isar da ita ga ɗaya ɓangaren, wanda ke da damar mayar da martani da tasa takardar rantsuwar, sannan a sa rana a saurare su. Idan alƙali ya amince, yawanci yakan umarci mai roƙon ya biya ɗaya ɓangaren wani kuɗi saboda ɗawainiyar da aka jawo masa, wani lokaci kuma ya sa biyan ya zama sharaɗi kafin a ci gaba.

6. Kwana nawa nake da su?

Kaɗan ne ƙwarai. Ƙa'idojin Babbar Kotun Birnin Tarayya na 2018 sun sanya kwana 6 daga ranar da aka ba da odar, tare da tarar da ake lissafawa kullum ga wanda ya makara. An fitar da sababbin ƙa'idoji a 2025, don haka lauyan da zai shirya takardar ya yi aiki da waɗanda ake amfani da su a ranar da zai shigar.

Kusan duk wanda sakacin lauya ya shafa ba ya jin labari sai wa'adin ya wuce, don haka roƙo na farko a takardar shi ne a ƙara masa lokaci. Kotu tana da ikon ƙarawa, amma tana son a yi mata bayanin jinkirin gaba ɗayansa. Idan an soke ƙarar a watan Fabrairu, ka sani a watan Yuni, ka shigar da roƙo a watan Nuwamba, watanni huɗun farko za a iya jingina su ga lauya, amma biyar ɗin baya naka ne, kuma su ne lauyan ɗaya ɓangaren zai riƙe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: ranar da ka sani ita ce ranar da ya kamata ka fara motsi.

7. Me alƙali yake dubawa kafin ya amince?

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na shari'ar Williams da Hope Rising, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1982. Alƙali yana duba dalilin rashin halartar ko yana da ƙarfi, da ko an yi jinkirin da ya wuce kima wajen kawo roƙon, da ko dawo da shari'ar zai cutar da ɗaya ɓangaren, da ko ƙarar tana da abin da za a saurara a cikinta, da kuma halin mai roƙon tun daga farkon shari'ar. Wannan na ƙarshen ya fi nauyi fiye da yadda ake zato. Alƙali zai buɗe fayil ya ga sau nawa aka ɗage zama saboda ɓangarenka, da sau nawa aka rubuta cewa kana cikin kotu da kanka. Mutumin da littafin kotu ya nuna yana zuwa zama a kai a kai kafin abin ya faru ya riga ya yi rabin aikin.

8. Me ya kamata takardar rantsuwar ta ƙunsa, kuma wa zai rantse?

Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya taƙaita takardar rantsuwa ga abubuwan da suka faru, ban da muhawara da roƙo, kuma idan mai rantsuwa yana faɗin abin da wani ya gaya masa, sai ya ambaci wanda ya gaya masa da lokaci da wuri. Saboda haka jimla irin ta "lauyana ya yi sakaci" ita kaɗai ba ta isa ba. Ana son ranaku: ranar da ka ɗauke shi, ranar zaman ƙarshe da ka sani, abin da ya ce maka bayan nan, sau nawa ka tuntuɓe shi, da ranar da ka gano gaskiya da yadda ka gano. Rasitan kuɗin da ka biya shi, da saƙonnin waya da na WhatsApp inda yake ce maka an ɗage zama, duk ana liƙa su a matsayin hujja.

Ya fi kyau kai da kanka ka rantse a gaban jami'in rantsarwa na kotu, maimakon a bar wa akawun ofishin lauya wanda bai ga komai ba. Idan tsohon lauyan ya yarda ya yi tasa rantsuwar yana amsa kuskurensa, wannan yana ƙarfafa roƙon sosai. Idan bai yarda ba, a isar masa da kwafin takardar, domin kotuna ba sa son a zargi lauya a bayan idonsa. Kada kuma a ƙirƙiro rashin lafiya ko tafiyar da ba a yi ba, domin ƙarya a kan rantsuwa laifi ne mai hukunci, kuma idan ta tonu ita kaɗai ta isa ta kashe roƙon.

9. Idan ba a sanar da mu ranar zaman ba fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Idan ya kamata a ba ku takardar sanarwar zama amma ba a ba ku ba, abin da aka yi a ranar rusasshe ne, kuma kotun da ta ba da odar tana iya warware ta da kanta. Kotun Ƙoli ta nuna girman isar da takardu a shari'ar Skenconsult da Ukey a 1981. A duba fayil a ga ko akwai shaidar isarwa daga ma'aikacin kotu mai kai sammaci. Abin lura shi ne, takardar da aka kai ofishin lauyanka ana ɗauka ta isa gare ka, haka ma idan lauyan yana cikin kotu lokacin da aka sa ranar. A irin wannan hali maganar ta koma amsa ta 4.

10. Wanne ya fi: dawo da tsohuwar ƙarar ko shigar da sabuwa?

Abin da ke raba gardamar shi ne wa'adin da doka ta ɗiba na shigar da ƙara. A Birnin Tarayya, ƙarar kwangila da bashi tana da shekara 6, ta neman mallakar fili shekara 12, ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa kuwa wata 3 kacal a ƙarƙashin Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Ƙarar da aka dawo da ita tana riƙe da ranar da aka fara shigar da ita, da duk takardun da ke cikin fayil. Sabuwa kuwa tana farawa daga tushe da sabon kuɗin shigarwa, kuma abu na farko da ɗaya ɓangaren zai tayar shi ne cewa lokaci ya ƙure.

A shari'ar Sifax da Migfo a 2018, Kotun Ƙoli ta ce lokacin da ƙara ta shafe a gaban kotu kafin a soke ta ba a lissafa shi a cikin wa'adin. Hukuncin ya ceci mutane da yawa, amma ya taso ne daga ƙarar da aka soke saboda rashin hurumi, wadda masu ita suka koma kotun da ta dace ba tare da ɓata lokaci ba, don haka wanda ya kwanta shekaru bayan sokewa kada ya sa rai da shi sosai.

Akwai inda ba zaɓi sai sabuwa. Idan takardar da aka fara ƙarar da ita ce ta lalace, misali an sa mata hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajistar Kotun Ƙoli, abin da shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 ta haramta, to babu abin da za a dawo da shi. Kuma kada a haɗa biyun a lokaci guda, domin kotu na ɗaukar hakan wasa da shari'a.

11. Idan kora ce ta ƙarshe, ko alƙali ya ƙi dawo da ƙarar fa?

Sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, reshen Abuja. Sashe na 24 na dokar kotun ya ba da wata 3 don ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe, da kwana 14 a kan hukuncin tsakiyar shari'a. Da yake lauyoyi kan yi jayayya a kan ajin da ƙin dawo da ƙara ya faɗa, mai hankali yakan shigar cikin kwana 14 ya huta. Wanda ya makara zai nemi ƙarin lokaci, kuma sai ya nuna abubuwa biyu tare: dalili mai ƙarfi na jinkirin, da hujjojin ɗaukaka ƙara masu alamar nauyi. Kotun sama ba ta cika sa baki a abin da aka bar wa alƙali ya auna ba, sai an nuna ya auna shi a kan kuskure.

12. Afil ɗina, wato ƙarar da na ɗaukaka, shi ne aka kora saboda lauya bai shigar da jawabinsa ba. Ana dawo da shi?

A nan doka ta fi tsauri. Mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 45 ya shigar da rubutaccen jawabinsa bayan kundin shari'ar ya iso, kuma idan aka kori afil saboda rashin yin haka, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Olowu da Abolore a 1993 korar ta ƙarshe ce, Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta da ikon dawo da shi. Neman ƙarin lokaci kafin a kai ga korar abu ne mai sauƙi, bayanta kuwa ihu ne bayan hari, sai dai idan ba a sanar da ku zaman ba, kamar yadda ya zo a amsa ta 9.

13. Ina da odar hana taɓa filin kafin a soke ƙarar. Tana nan?

Odar wucin gadi tana rataye ne a jikin shari'ar, idan shari'ar ta faɗi ita ma ta faɗi. Wannan ne ya sa masu rikicin fili a wurare irin su Lugbe da Kubwa sukan fara sanin an soke ƙararsu ranar da suka ga tifa tana sauke yashi. A cikin takardar roƙon a nemi a dawo da odar tare da ƙarar, kuma idan ana gini ko ana shirin sayarwa, a haɗa da takardar rantsuwar gaggawa. Ko a lokacin dogon hutun kotu na tsakiyar shekara akwai alƙalan da ake warewa don shari'o'in gaggawa. Idan wanda kake ƙara ya shigar da tasa ƙarar martani a cikin shari'ar, ita tana iya ci gaba ko an soke taka, har a yanke maka hukunci a bayan idonka.

14. Zan iya canza lauya, kuma idan ya riƙe fayil ɗina fa?

Kana da wannan haƙƙi a kowane mataki. Sabon lauya zai shigar da sanarwar canji a kotu, ya kuma sanar da tsohon, kuma ƙa'idojin aikin lauya sun ɗora masa ƙoƙarin ganin an biya tsohon abin da yake bi. Tsohon yana iya riƙe takardu idan yana binka kuɗin aiki, amma kada wannan ya tsayar da kai, domin duk abin da aka shigar yana cikin fayil ɗin kotu, ana kuma iya ɗaukar kwafinsa. Takardun asali irin su shaidar mallakar fili su ne abin damuwa, kuma a kansu a rubuta masa wasiƙa a ajiye shaidar karɓa. Wanda ba shi da halin ɗaukar wani lauyan yana iya tuntuɓar Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokarta ta 2011, hedikwatarta kuma tana Abuja.

15. Shi lauyan fa, ba abin da za a yi masa?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ƙorafi zuwa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, LPDC, wanda ake iya bi ta reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA. Ƙa'idojin aikin lauya na 2023 sun hana lauya yin sakaci da aikin da aka damƙa masa, kuma kwamitin yana iya yi masa gargaɗi, ko dakatar da shi, ko cire sunansa daga rajista, har ya umarce shi ya mayar da kuɗi ko takardu. Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba shi da kariya daga asarar da sakacinsa ya jawo, amma ya bar masa kariya a kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali, kuma mai neman diyya sai ya nuna ainihin abin da ya rasa.

Ko ɗaya daga cikin biyun ba ta dawo da ƙararka, kuma wa'adin da ke amsa ta 6 ba ya jiransu. Wanda ya fara da farautar lauya ya bar jaki yana dukan taiki. A fara shigar da roƙon dawo da ƙarar, sannan a tattara rasitai da saƙonnin da aka ambata a amsa ta 8, domin su ne dai za a sake buƙata a gaban kwamitin.

16. Haka abin yake a kotun yanki, inda ake shari'ar aure da gado?

Kotunan yanki na Abuja suna aiki da fiƙihun Malikiyya a waɗannan al'amura, kuma hanyarsu ta fi sauƙi. Malaman fiƙihu sun siffanta mai da'awa da cewa shi ne wanda idan ya bari sai a bar shi, don haka rashin zuwansa yakan sa a cire ƙarar ba tare da an yanke masa haƙƙi ba, yana kuma iya komawa ya bayyana uzurinsa ko ya sake shigarwa. Idan kuwa an riga an yanke hukunci bayan sauraron hujjoji, sai a ɗaukaka ƙara, kuma a al'amuran aure, gado da riƙon yara hanyar tana kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Birnin Tarayya.